Gwaggo da Cokalin da Ya Kama da Wuta

Ranar da Gwaggo ta rasu, tabarmin gidan ba su isa ba. Aka aro na maƙwabta, aka aro na makarantar Islamiyya da ke bayan layi, duk da haka waɗansu matan a kan mayafansu suka zauna. Da hantsi Gwaggo ta cika, kafin la'asar an kai ta, amma har rana ta yi sanyi mata ba su daina shigowa lungunmu na Rafin Guza ba. Waɗansu daga Unguwar Kanawa, waɗansu daga Unguwar Sarki, waɗansu kuwa ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kusan kowace da goyo a baya ko yaro a hannu.

Wata doguwar mata ta durƙusa gaban Innata ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Wallahi Inna, tunda nake ba a taɓa yi mini faɗa irin na baiwar Allahn nan ba. Sai da na yi wata shida ina sake hanya in na hango ta." Ta jawo wata yarinya mai kitson kalaba daga bayanta. "Ga ta nan. A kanta ta yi mini faɗan." Sai ta fashe da kuka, ita kuma yarinyar ta tsaya tana kallonmu, ba ta san abin da ake yi ba.

Can bakin ƙofa akwai mata biyar daga coci, sun ɗaura ɗankwali sun yafa gyale. Tsohuwar maƙwabciyar Gwaggo ce ta jagorance su, wadda duk unguwa ke kira Mama. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin Gwaggo ido har aka kira magariba.

A zaure kuwa Baffa ne, autansu Gwaggo, dattijo mai furfura. Maza na ta yi masa gaisuwa yana amsawa da ka. Mahaifina ya ce abin da kawai ya ji ya faɗa a wunin nan shi ne, "Yaya, yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?"

Na zauna rubuta wannan ne saboda na lura yaran da suka cika gidan ran nan ba su san dalilin zuwan iyayensu ba. Ɗaya daga cikin yaran nan tawa ce. Ina so in ta girma ta sani.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aure ya kawo ta Kaduna, mijinta magini ne. Ta fi shekara arba'in a garin nan amma Katsinanci bai bar bakinta ba. "Mi ya faru?" take cewa, kowace mace kuwa ɗiyarta ce, ko da ta yi jika. Unguwarzoma ce, a hannun surukarta ta koya. Gajera ce, mai saurin tafiya, in kina biye da ita sai kin haɗa da sassarfa. Ba ta cin abinci a gidan suna sai ta ga mai jego ta ci. In aka kawo mata nama sai ta ce, "Ni na haihu?" ta tura kwanon ɗaka.

Lokacin da aka fara cewa mata su riƙa zuwa awon ciki, su haihu a asibiti, waɗansu tsofaffin sun ji haushi, suna ganin an raina su. Ita kuwa sai ta mai da kanta 'yar rakiya. Ta tara masu ciki na layin, ta cika keke mai ƙafa uku da su, ta zauna a benci tare da su tana sauraron abin da malaman asibiti ke koyarwa. Ba ta iya karatun boko ba, amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan. Tana kuma da tambaya har ta gundure mutum. Sai da malaman suka riƙa cewa, "Gwaggo, a bar masu cikin su ma su yi tambaya mana."

Tana da aibi, ba zan ɓoye ba. Bakinta ba shi da linzami. In ta ga abin da bai yi mata ba, a nan take za ta faɗa, ko a gaban wa. Ta sa mutane da yawa kuka, ni ma ina ciki.

Abin da aka fi saninta da shi a shekarunta na ƙarshe shi ne shinshina. Duk kwalbar da ta gani a ɗakin mai ciki sai ta buɗe ta kai hanci: jiƙo ne, tsimi ne, maganin zaƙi ne, ko wanda aka aiko daga ƙauye. Matasa har dariya suke yi mata. Ni ma ban san mafarin abin ba sai da ta ba ni labari da bakinta, wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Mama. A da can, Mama burkutu take dafawa tana sayarwa a bayan gida. Gwaggo ba ta taɓa shiga inda ake sha ba, amma zumuncinsu ya yi ƙarfi. Suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta kan katanga, Gwaggo ce kuma ta karɓi haihuwar 'ya'yan Mama duka. Da Mama ta sami cikin autarta, ciniki ya buɗe, sai ta riƙa ɗanɗana kowace tukunya, ta kuma sha ƙwarya guda in ta gaji. A garinsu an ce yana ƙara wa mai ciki jini, yana kawo nono.

"Ina kallonta," in ji Gwaggo. "Da idona. Na ce a raina, ba addinina ba ne, ba ruwana. Na ja bakina na yi shiru, ni da ban iya shiru ba."

Aka haifi yarinya 'yar ƙanƙanuwa, ba ta iya kama nono sosai, ga yawan kuka. Ta yi jinkirin zama, ta yi jinkirin tafiya, ta yi jinkirin magana. A makaranta abin da aka koya mata yau, gobe ya gudu. Aka ce iska ce, aka ce maita ce, aka yi ta yawon neman magani. Sai bayan shekaru, a kan bencin asibiti, Gwaggo ta ji wata malama tana bayanin abin da giya ke yi wa ɗan da ke ciki: yadda take bin jinin uwa ta isa gare shi ta mabiyiya, yadda take taɓa ƙwaƙwalwarsa da girmansa, ta bar masa tabon da ba ya gogewa. Malamar tana lissafa alamu, Gwaggo tana ganin fuskar autar Mama.

"Na dawo gida ban ci tuwo ba," ta ce da ni. "Kwana uku ina juya maganar. In faɗa mata, in karya mata zuciya? In yi shiru, alhali ga surukarta da ciki, tukunya na kan wuta? Ran na huɗu na leƙa ta katanga na ce, Mama, zagayo."

Ban san duk abin da suka faɗa wa juna ba. Gwaggo ta ce sun yi kuka su biyu, kuma ita ta fara neman gafara. Ta ce da ita, "Abin da ke cikin ciki bai san coci ba, bai san masallaci ba. Abin da uwarsa ta haɗiye shi ya sani. Na gani na yi shiru, ki yafe mani."

Tun daga lokacin Mama ba ta sake miƙa wa mai ciki ƙwarya ba, ko da za ta yi fushi ta tafi wani gidan. Daga baya ma ta bar sana'ar, ta koma sayar da itace da gawayi. Ita ce ta riƙa kai Gwaggo wajen zumuntar mata ta cocinsu, a zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tsohuwa mai hijabi tana bayani da Katsinanci, Mama tana ƙarawa da labarin kanta, ba ta ɓoye komai.

Autar kuwa Gwaggo ta jawo ta jiki. Ta koya mata suyar ƙosai, abu ɗaya sai ta maimaita sau ashirin ba ta ɗaga murya ba, ita da ke yi wa kowa tsawa. Yau matar nan ta haura talatin, tana da kaskonta a bakin layi, yayarta na zama kusa da ita tana sallamar masu saye. Ƙosanta ya fi na kowa laushi a unguwar. Ita ce ta ɗebo ruwan da aka yi wa Gwaggo wanka, bokiti bayan bokiti, ta hana kowa taya ta.

Mu dai a lokacin muna ganin wannan magana ta maƙwabta ce. Mu Musulmi ne, ina mu ina giya? Ni kaina na taɓa faɗa wa Gwaggo haka. Ta kalle ni ta ce, "Allah Ya sa."

Aure ya kai ni Unguwar Kanawa. Maigidana direban tifa ne, yana ɗaukar yashi daga bakin kogi. Aikin na cin baya, shi ya sa shi da abokan aikinsa suke shan wani magani mai ɗaci da ake sayarwa a 'yan ledoji, an zana saiwoyi da ganye a jiki. Suna cewa yana maganin ciwon baya da basir da gajiya. Da cikina na fari ya shiga wata na huɗu, bayana ya riƙa ciwo kamar zai tsinke, ga rashin barci. Sai ya kawo mini guda biyu ya ce, "Gwada wannan, na gargajiya ne, saiwa ce kawai."

Na sha. Ya ƙona mini maƙogwaro, amma jikina ya saki, na yi barci mai daɗi. Washegari na sake sha. Kafin mako uku na zama ina jiran lokacin shansa. Zan faɗi gaskiya a nan, tunda wadda nake jin kunya ta tafi: zuciyata ta raya mini cewa abin nan ba saiwa kaɗai ba ce. Akwai 'yan ƙananan rubutu na Turanci a bayan ledar, na kuwa yi makaranta, da na so da na karanta. Ban so ba.

Wata Laraba da hantsi Gwaggo ta zo duba ni, ta kawo mini zogale da kuka. Na rungume ta. Sai na ji ta tsaya cak, ta riƙe kafaɗuna, ta matso da hancinta kusa da bakina.

"Ɗiyata, mi kika sha?"

"Magani ne, Gwaggo. Na ciwon baya."

"Kawo in gani."

Na ɗauko ledar daga bayan madubi. Ta yage bakinta da haƙori, ta shinshina, ta runtse ido. Na shirya jin tsawa, don na san halinta. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta ce in saki labule, in kawo cokali da ashana. Ta zuba ruwan a cokalin, ta ƙyasta ashana ta kanga. Wata 'yar wuta shuɗiya ta tashi a kai tana rawa. Mama ce ta koya mata wannan dabarar.

"Kin taɓa ganin jiƙon saiwa ya kama da wuta?" ta tambaye ni a hankali.

Na zauna a ƙasa. Na riƙe cikina da hannu biyu ina cewa, "Na kashe shi, Gwaggo. Na lalata shi. Ni da ban taɓa ko taɓa kwalbar giya ba."

Ta zauna a ƙasan tare da ni, ga ta da ciwon gwiwa. "Tun yaushe?"

"Mako uku. Ko da ɗan ɗori."

"Kin sani?"

Na kalli ledar. Sannan na ce, "Na yi zato."

"To, kin faɗi gaskiya, an wuce wannan. Tsakaninki da Ubangijinki ne, Shi kuwa mai gafara ne. Abin da ya rage namu shi ne yau. Share hawayenki, ɗauko hijabi da katin awo."

Na roƙe ta kada mu faɗa a asibiti, kada a yi mini kallon mashayiya. Ta ce, "In kin ɓoye masu, da mi za su taimake ki? Ni zan yi maganar, ke ki zauna." Haka kuwa aka yi. Ta ja wata malama gefe, ta nuna mata ledar. Malamar ba ta harare ni ba. Ta ce ba ni ce ta fari ba, mata da yawa suna sha ba su san abin da ke ciki ba. Ta auna ni, ta sa mini abin sauraro na ji bugun zuciyar ɗan, da sauri da sauri. Na tambaye ta ko lafiya za a haife shi.

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba," in ji ta. "Babu wani ɗan ma'auni na giya da za a ce ba ya cutar da ciki, babu kuma watan da za a ce a sha babu komai. Amma duk ranar da uwa ta daina, ta taimaki ɗanta daga ranar. Ke kin daina yau. Ki riƙa zuwa awo, mu riƙa dubawa."

Gwaggo ta aika aka kawo mata kayanta, ta tare a gidana mako biyu. Ta ce wa maƙwabta laulayi ne ya tsananta. Kwanakin farko sun yi mini wuya, raina na ɓaci ba dalili, bayan kuma ya dawo da ciwonsa. Ta riƙa gasa mini shi da tawul da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta koya mini kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. In ta ga na yi zugum sai ta fara ba ni labarin ƙauyensu, na wani jakin kakansu da ba ya tafiya sai an yi masa kirari, har sai na yi dariya.

Da maigidana ya dawo daga aiki ran farko, ta kira shi tsakar gida, ta maimaita masa abin cokalin. Ya daɗe yana kallon wutar. Ya ce, "Gwaggo, shekara biyu ina shan abin nan, ina alwala ina salla, ina hawa mota." Ya juyo gare ni ya ce, "Da hannuna na ba ki." Ya kwaso sauran da ke aljihun rigarsa ya zubar a makwarara.

Sai Gwaggo ta yi tambayar da ta jawo rigima: "A ina kake saye?"

Ya sunkuyar da kai. "A shagon Baffa."

Baffa yana da shagon tireda a bakin titi, nan Unguwar Kanawa, inda dattawan layi ke zaman majalisa bayan la'asar. Mutum ne mai son a girmama shi, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Washegari Gwaggo ta ɗauki cokalina ta nufi can. Na bi ta ina roƙo, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta yi sallama, ta wuce cikin shagon kai tsaye, ta tsinko leda ɗaya daga jerin da ke rataye.

"Auta, mi ne ne wannan?"

"Magani ne, Yaya. Kowa na sayarwa."

"Ku taso ku ga maganin ƙanena," ta ce da 'yan majalisa. Suka leƙo. A cikin duhun shagon ta kunna cokalin. Wani ya yi salati, wani ya yi dariya, dariyar ce kuwa ta fi yi wa Baffa ciwo.

"Giya kake sayar wa mutane, Alhaji guda! Har ta kai cikin ɗiyar ɗan'uwanka!"

Fuskar Baffa ta canza. Ya ce, "Ni kika tozarta a gaban mutane? Ni na haɗa abin? Na san abin da ke ciki? Fita mini daga shago. Kuma kada ki sake taka gidana."

Ta fita tana cewa ko ya roƙe ta ba za ta taka ba. A hanya na ce mata, "Gwaggo, kin rufa mini asiri a ɗaka, kin zo kin tona shi a titi." Ta yi kamar ba ta ji ba. Kwana biyu ban yi mata magana mai daɗi ba.

Mahaifina ya yi ta kai da kawo tsakaninsu, abin ya faskara. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla, Baffa bai je gaishe ta ba, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar iyayensu.

Ni kuwa na ci gaba da zuwa awo, ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar wata Asabar da safe naƙuda ta tashi, Gwaggo ta raka ni asibiti, kafin azahar na haifi mace. Ba ta da girma sosai, amma ta tsala kuka, ta kama nono da ƙarfi. Gwaggo ta karɓe ta, ta duba ta tun daga ka har tafin ƙafa, ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Hancin ubanta ne, Allah Ya ba ta haƙurin ɗaukarsa."

Tsoro bai sake ni nan da nan ba. In yarinyar ta yi jinkirin juyawa, sai gabana ya faɗi. In ɗan maƙwabta ya riga ta haƙori, sai in kasa cin abinci. Wata rana Gwaggo ta kama ni ina ƙare mata kallo, ta ce, "Ɗiya kika haifa ko jarrabawa? In akwai abin dubawa, mu kai ta a duba. In babu, ki yi mata wasa. Ko da ta zo da wani abu ma, ai ɗiyarki ce, da haƙuri za ki raine ta, ba da zullumi ba." Yanzu tana aji huɗu. Lissafi na ba ta wuya, haddarta kuwa ta fi ta kowa a ajinsu, ga surutu. Ban san ko wuyar lissafin daga ni ne ko daga abin da na sha ba, malaman asibiti ma sun ce ba za su iya yanke hukunci ba. Na daina tambaya. Ina zama da ita mu yi aikin gida tare.

Sulhunsu da Baffa ya zo ne bayan an yaye ta. Ba wanda ya sa baki. Gwaggo ce da kanta ta ce in raka ta. A hanya ta ce, "Maganar da kika faɗa mani ran nan, ta daɗe tana cina. Gaskiya na faɗa masa, amma na faɗe ta kamar mai jifa."

Muka same shi shi kaɗai yana jera sabulu. Ta tsaya daga waje ta ce, "Auta, na zo ba ka haƙuri. Abin da na faɗa ban janye ba. Inda na faɗe shi ne ban kyauta ba."

Baffa ya ci gaba da jera sabulunsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Duba sama."

Muka duba. Igiyar da ledojin ke rataye babu komai a kanta sai ashana da magi.

"Tun yaushe?" in ji Gwaggo.

"Tun ranar. Kina fita na tsinke su."

"To don mi ba ka faɗa ba?"

"Don kada ki ce kin yi nasara."

Ta shiga ta kai masa duka da mayafi, suna dariya, hawaye na zuba. Daga baya muka ji ashe ba nan ya tsaya ba. Ya bi masu shagunan layinsu ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, yana nuna masu rubutun da ke bayan ledar. Waɗansu sun ji, waɗansu sun ce ciniki ne. Ya kuma sami limaminsu ya roƙe shi ya ja hankalin magidanta kan abin da suke kai wa matansu masu ciki da sunan magani. Gwaggo ta ce, "Ka fi ni iyawa. Ni da na je, da faɗa za a yi."

Ita ma ta sauya. Ba ta daina shinshina ba, amma ta koyi tura ƙofa kafin ta yi magana. Mata suka fara kawo mata kwalabe da kansu. In ba ta gane abu ba sai ta ce, "Ban sani ba, kuma abin da ba a sani ba, ba a ba mai ciki. Mu je a tambaya." Akwai waɗanda ba kuskure ne ya kai su ba, baƙin ciki ne, suna sane suke sha a ɓoye. Irin waɗannan ba ta taɓa gaya wa kowa sunansu ba. Sai dai mu ga ta yawaita zuwa wani gida, tana raka wata asibiti ranar da ba ta awo ba. Ba duka ta ci nasara a kansu ba. Wata ta rufe mata ƙofa, ta bar unguwar da cikinta, Gwaggo kuwa ta yi ta ambatonta a addu'a ba tare da suna ba, tana cewa, "da waccan ɗiyar."

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, aka kwantar da ita kwana tara, sannan ta ce a mai da ita ɗakinta. A lokacin matar babban ɗan Baffa tana da tsohon ciki, na fari, bayan shekara shida ana jira. Kullum sai Gwaggo ta sa an kira ta, ta ɗora hannu a cikin, ta tambaye ta abin da ta ci da abin da ta sha. Ana jibi za ta rasu ta ce da ita, "Na so in ga wannan. In ban gani ba, ku gaishe shi."

Kwana ashirin da uku bayan rasuwar, matar ta sauka lafiya a asibiti. Mace ce, ƙatuwa, mai cikar gashi. Ran suna liman ya raɗa mata sunan Gwaggo, kamar yadda kowa ya zata. Da aka watse, aka shigo da Baffa cikin gida ya ga jikarsa. Ya zauna a bakin gado, aka ɗora masa ita a cinya. Sunan ba zai faɗu a bakinsa ba, don bai taɓa kiran yayarsa da shi ba tunda aka haife shi. Ya daɗe yana kallonta. Jaririyar ta yamutsa fuska, ta buɗe baki, ta callara ƙara har sai da matan tsakar gida suka leƙo.

Baffa ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga. Ya ce, "To, Yaya, na ji. Yi haƙuri."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata kaifin harshenta saboda abin da ta tsare da shi, Ya shimfiɗa mata rahama a makwancinta. 'Ya'yan da ta tsaya wa tun ba su ga duniya ba, Allah Ya raya su, Ya sa su zama masu tsaya wa waɗansu. Amin.